Gefe na Huɗu

Ni ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Ko gidan mutane na shiga na ga kalanda ta sunkuya, sai na miƙar da ita kafin in amsa gaisuwa da kyau. Maigidana yana cewa wannan ya wuce hali, ciwo ne, kuma karatun da na zo yi Masar ya ƙara masa ƙarfi. Da gaskiyarsa. Digirina na biyu a kan tahƙiƙi ne, wato a ba ka tsohon littafin da aka rubuta da hannu, warƙoƙinsa, wato takardunsa, a warwatse, ka gano wacce ke bin wacce. Magabata ba sa sa lamba. A ƙasan kowace warƙa sukan rubuta kalmar da ta buɗe ta gaba, da ita ake bin sawu. Shekara biyu na yi ina tashi daga unguwarmu Hadayek el-Maadi zuwa makaranta a Darrasa ina wannan bin sawu, har ta kai ko takardar cefane aka ba ni a hargitse sai na sake jera ta. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin wadda Mama ta damƙa wa fayafayanta.

Mama maƙwabciyarmu ce, ƙofarta na kallon tamu a hawa na huɗu. Haifaffiyar gefen Zariya ce, Kirista, tsohuwar nas da ta ƙare aikinta a ɗakin haihuwa, tana zaune da ɗanta da ke aiki a ofishin jakadancinmu. Satinmu na farko a gidan na tsaya a matattakala ina yi wa maigidana mita a kan tukunyar gas da ya manta bai canjo ba, sai na ji an buɗe ƙofa an ce, "Wace ce wannan mai Hausar Kano da tsiwa haka da sassafe?" Daga ranar na yi uwa a Masar. Ita ta nuna mini inda ake samun kuka da daddawa a unguwar Hayyin Ashir, ita ta zauna a kaina lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Idan muna shiri takan ce 'yata, idan tana so ta zolaye ni takan ce Malama, kuma zolayar ta fi yawa.

A kusurwar falonta akwai garmaho, wani ƙaton abu mai jikin katako da murfin roba da ya dushe, da lasifika biyu kamar ƙananan durowoyi. A ƙarƙashinsa fayafayai ne wajen ashirin, duk kiɗan Turawa na dā, irin wanda mutane da yawa ke zama da goge manya da ƙanana da sarewa da ƙaho, wani yana tsaye a gabansu yana kaɗa sanda. Wata Baturiya ce, babbar sista a asibitin mishan inda Mama ta fara aiki tana budurwa, ta bar mata su da za ta koma ƙasarsu. A cikinsu akwai wani kwali mai faifai biyu, rubutun jikinsa duk Jamusanci. Shi ne na Kirsimeti. Shekara hamsin da 'yan kai, duk ranar Kirsimeti, bayan an dawo daga coci an ci shinkafa, Mama takan zauna ta ji shi daga farko har ƙarshe, ba ta amsa sallama, ba ta ɗaga waya. Ta ji shi a Zariya, ta ji shi a Jos, ta ji shi a shekarar da mijinta ya rasu, ta ji shi sau uku a Alƙahira.

Tsakiyar Disamba ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce in zo. Na iske wani faifai a kan tebur, da farin layi ya tsallaka shi tun daga baki har tsakiya.

"Kin ga aikina," in ji ta. "Hannun da ya karɓi jarirai ba adadi, yau ya kasa ajiye allura."

Hannun nata ya daɗe da fara rawa, amma ranar ne na ji ta ambata shi da bakinta. Ta gaya mini sauran. Wa'adin ɗanta ya ƙare, tsakiyar Janairu za su koma gida gaba ɗaya, kuma ya ce garmahon ba zai bi su ba, wahalar da aka sha wajen kawo shi ta isa. Ko da ma ya bi su, ɗan zai wuce Abuja, ita kaɗai za ta zauna a gidanta, ba mai ɗora mata allura. Ya taɓa nemo mata kiɗan a intanet, ta ji minti biyu ta ce ya kashe, waɗansu ne daban suka kaɗa, suna sauri kamar ana korarsu.

"'Yan cocinmu sun ce ana iya zuba kiɗan faifai a cikin waya, mutum ya danna kawai. Nawa nake so, da ƙaiƙayinsa na allura da komai. Ke da kike wuni a gaban kwamfuta, kin iya?"

Ban iya ba. Na ce mata na iya.

Kwana biyu na yi ina koyo. Maigidana ya ɗauki hoton garmahon gaba da baya ya tafi kasuwar Ataba, ya dawo da kebul da wani ɗan akwati bai fi na ashana ba, da saƙo daga tsohon mai gyaran da ya haɗa masa su: allurar nan ba a samun irinta kuma, kuma daga ganin hoto ta ci, mu yi abin da za mu yi kada mu yi ta maimaitawa. Yana miƙo mini kayan yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Idan Baba ya bugo ya tambayi karatunki, me zan ce? In ce tana wajen goge?"

"Ka ce tana wajen uwarta," na ce da shi, na karɓe kayana.

Ranar farko ba abin da ya shiga kwamfutar sai wani gurnani kamar na tsohon firiji. Na duba, na sake dubawa, gumi yana tsattsafo mini duk da sanyin da ake yi, Mama tana zaune da bargo a cinya tana kallona. Can na gano wata siririyar waya da ta kwance a baya. Na ɗaure ta a inda take, gurnanin ya ɗauke, na ɗora allura, sai ga layuka suna hawa suna sauka a fuskar kwamfuta. Na yi hamdala da ƙarfi har Mama ta ce amin.

Fayafayai shida ta zaɓa ban da kwalin, muka fara da su don hannuna ya faɗa. Ni dai ban taɓa zama na ji irin wannan kiɗa ba. Na yi ta jiran mawaƙi ya shigo, na ɗauka duk wannan share fage ne, har gefen ya ƙare. Na tambaye ta yaushe mai waƙar zai fara.

"Ba mai zuwa, 'yata. Su ke nan."

Aikin yana da dokokinsa. Ba a tafiya a falon sai da sanɗa, don ƙasan na girgiza allurar ta yi tsalle. Ba a buɗe taga, ba don kwamfuta ba, don Mama ba ta son ƙarar mai gas da ke bugun tukwanensa a titi ta shiga mata tsakanin goge da sarewa. Sannan akwai kiran salla. Da an fara daga masallacin bayanmu sai ta ɗaga hannu ta ce in ɗage allura. Na yi mata bayanin cewa zan iya kashe lasifika, kiɗan ya ci gaba da shiga kwamfuta shiru, ba wanda zai ji.

"A gidanmu ba a kiɗa a kan kiran salla, ko a ɓoye. Ɗage."

Ni da ke karatun addini, tsohuwar nas ce ke tuna mini ladabi. Na ɗage. Daga nan muka tsara aikinmu tsakanin hantsi da azahar, sannan tsakanin azahar da la'asar, tana ɓare mana lemo, ina duba agogo.

Jajibirin Kirsimeti muka zo kan kwalin. Na goge faifan farko da tattausan ƙyalle, na ɗora, na riƙe numfashina na sauke allura. Kiɗan ya fara can ƙasa, da ƙyar ake ji, sannan ya taso gaba ɗaya. Mama ta rufe ido ta fara yi mini tafsiri a hankali.

"Wannan haihuwa ce da tasowa. Ji yadda ya fito daga babu, sai ihu. Duk ɗan da na karɓa haka ya shigo."

Da ya ƙare na juya faifan, kamar yadda kowa ke juya faifai. Ƙahoni suka ɓarke, ganguna suka shigo, kowa yana kaɗawa da iya ƙarfinsa, har lasifikar tana rawa. Mama tana buga tafin ƙafa a ƙarƙashin bargo, ta manta da dokar sanɗa.

"Biki ke nan. A nan nake hango baban yaron nan cikin kwat ɗin aro, hannun ya yi masa gajere."

Faifai na biyu ya fara da gudu, abu ɗaya ana ta maimaitawa ana juya shi. Ta ce wannan ɗawainiya ce, a kai yaro makaranta, a dawo a ɗora tukunya, a ruga asibiti, shekara talatin ba a zauna ba. Sannan na juya zuwa gefen ƙarshe. Gogen suka yi sanyi, suna tafiya a hankali, suna tsayawa suna hutawa, suna sake ɗauka. Mama ta yi ƙasa da murya.

"Wannan tsufa ne. Da ina budurwa nan nake gyangyaɗi. Yanzu shi na fi ji."

Kiɗan ya yi ta raguwa kamar fitilar da mai ya ƙare mata, har ya zama ba komai sai ƙaiƙayin allura. Mama ta ce Baturen da ya tsara wannan ya san duniya. Ni kuwa mahaifiyata na tuna, da yadda muryarta ta ragu a waya cikin shekara biyun nan. Na duba kwamfuta, gefe huɗu duk sun shiga lafiya, allura ba ta yi tsalle ko sau ɗaya ba. Da na tashi a nan na tafi gida da an rabu lafiya.

Ina mayar da fayafayan cikin rigunansu ne idona ya faɗa kan wasu ƙananan lambobi a gefen takardar tsakiya. Faifan farko, gefe ɗaya an sa ɗaya, bayansa an sa huɗu. Faifai na biyu, biyu da uku. Na sake juya su, na sake dubawa. Irin abin da nake ji a Darrasa idan na gano warƙar da ta ɓace shi na ji, har yatsuna suna ƙaiƙayi. Ban ce mata komai ba, na yi sallama na tsallaka gida na hau bincike. Ashe a can ƙasashensu akwai garmahon da ake jera masa fayafayai a sama, yana sako su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kaɗa ɗaya, ya kaɗa biyu, a juya tarin gaba ɗaya, ya kaɗa uku da huɗu. Mama ba ta taɓa ganin irinsa ba, Baturiyar kuma ba ta gaya mata ba. Shekara hamsin tana jin ɗaya, huɗu, biyu, uku. Abin da ta kira biki shi ne ƙarshen kiɗan, abin da ta kira tsufa a tsakiya yake.

Nan take na jera su yadda lambobi suka ce, na haɗe su wuri ɗaya. Maigidana yana tsaye a kaina da kofin shayi ina yi masa bayani cikin ɗoki.

"Ta tambaye ki?" in ji shi.

"Me za ta tambaya, tunda ba ta sani ba? Kuskure ne, ga lamba."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Na san wannan Allah ya ba da sa'a tasa, amma ban tsaya ba. Ni a raina kyautar Kirsimeti na haɗa mata wadda ba wanda ya taɓa ba ta irinta.

Ranar Kirsimetin su Mama Alƙahira ba ta ma san ana yi ba, yara sun tafi makaranta, jirgin metro a cike, don Kibɗawa, Kiristocin Masar, tasu sai bakwai ga Janairu. Amma falon Mama ya ƙamshe da shinkafa da kaza, ga ɗanta, ga wasu mata biyu da suka biyo ta daga coci. Bayan an ci an sha ta ce a yi shiru, yau a wayarta za a ji. Na zuba mata, na haɗa da lasifika, na danna. Gefen farko ya tafi lafiya, tana lumshe ido tana gyaɗa kai, tana gaya wa baƙin cewa 'yata ce ta yi. Da ya ƙare ta gyara zama tana jiran ƙahoni. Sai gudun nan ya shigo.

"A'a. Kin tsallake biki."

A nan ya kamata in ce ma'alish, a yi haƙuri, kuskure ne, in gyara. Sai na miƙe na ɗauko kwalin. Na zaro fayafayan na nuna lambobi, na yi bayanin garmahon da ke sako faifai, na yi shi dalla-dalla kamar ina gaban malaman da za su duba kundina, har da cewa duk wanda ya duba da kyau zai gani. Ɗanta ya karɓa ya duba, ya kwashe da dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar ɗa da uwarsa.

"Mama! Ashe shekara hamsin a baibai kike ji!"

Matan nan biyu suka taya shi. Mama ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta kife wayar a kan tebur, kiɗan yana ci gaba, har sai da ɗanta ya kashe.

"Na gode, Malama," in ji ta.

Sau ɗari ta kira ni Malama, wannan ne na farko da ba zolaya a ciki. Ta juya ta tambayi baƙin ko a ƙara musu kaza. Ba ta ce in ɗora mata faifan a garmaho ba, ni kuma na kasa cewa zan ɗora. Haka ranar ta wuce, karo na farko tun tana budurwa, Kirsimeti ta zo ta tafi Mama ba ta ji kiɗanta ba, kuma ni na jawo.

Ba zan yi ƙarya ba, kwana uku na yi ina kare kaina. Ina wanke-wanke ina cewa ai gaskiya na faɗa, ina kan metro ina cewa ai lambobin ba ni na rubuta su ba. Maigidana bai ce ai na gaya miki ba, ya dai riƙa yi mini sannu fiye da kima, wanda ya fi faɗa ciwo. Idan na gaida Mama a matattakala takan amsa cikakkiyar amsa, lafiya lau, ya karatu, ya maigidan, sannan ta rufe ƙofa. Kwalaye suka fara taruwa a bakin ƙofarsu, ana ɗaure kaya.

Rana ta huɗu da hantsi ina yanka albasa na ji ta bangon kicin ɗinmu, wanda ya haɗu da falonta. Wata ƙara ce mai tsaga kunne, ƙiiii, allura ta zame ta ratsa faifai. Shiru. Can na sake ji, wannan karon ta fi tsawo. Daga nan ban sake jin komai ba. Na ajiye wuƙar na fita har bakin ƙofarta, na ɗaga hannu, na kasa bugawa. Tsohuwa tana ciki ita kaɗai tana kokawa da hannunta don ta ji abinta yadda ta san shi, ga ni nan da hannu lafiyayye a waje, da gaskiyata. Kunya ta rufe ni, na koma na zauna a kan kujerar kicin na yi kuka, albasar ma ban gama yankawa ba.

Ranar na buɗe kwamfuta na sake jera su, ɗaya, huɗu, biyu, uku. Minti biyar aikin ya ɗauke ni. Kai mata shi ne ya ɗauke ni fiye da sati guda, don kullum sai in ce gobe, yau ana ɗaure kaya, yau ɗanta yana gida. Ana cikin haka na dawo daga makaranta na iske garmahon a ƙasa, a ɗakin mai gadin gidan, an ɗora masa butar shayi. Ɗanta ya kyautar da shi. Gabana ya faɗi, don yanzu ba abin da ya rage wa Mama sai abin da ke cikin kwamfutata, ga tafiya saura kwana tara.

Bakwai ga Janairu aka wayi gari da rana mai daɗi bayan kwana biyu ana yayyafi. Hutu ne, titi shiru, Kibɗawan hawa na biyu sun gama azuminsu sun aiko wa kowane gida da faranti na kahk, irin biskit ɗin nan mai garin sukari. Na kalli farantin, na kalli maigidana. Ya ce, "Yalla, tafi, kafin ki sake cewa gobe." Na ɗauki farantin da kwamfutata na tsallaka.

Na iske ta a kan kujerarta a tsakiyar kwalaye, kusurwar garmahon fayau. Na ajiye farantin, na durƙusa a gabanta sosai, yadda rabona da yi tun ina gida.

"Mama, na yi rashin kunya. Na kunyata ki a gaban baƙi, na hana ki kiɗanki ranar sallarki. Ki yafe mini."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta dubi farantin.

"Da kahk ɗin mutane kika zo biko? Su ma sun aiko mini, ga shi can. Tashi, ƙasan da sanyi. Kwana goma sha uku, 'yata, har na fara cewa Kanawan yanzu ba a koya musu ƙwanƙwasa ƙofa."

'Yata ta ce. Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar Kirsimeti ya sauka, na miƙe. Na karɓi wayarta na zuba mata nata jerin, na fito da shi fuskar wayar, na ƙara masa girma yadda ko yatsa na rawa ba zai kuskure ba. Na miƙa mata na ce ita za ta danna, ni ba zan taɓa ba. Sau biyu yatsan yana zamewa, a na uku ya samu. Kiɗan ya fara can ƙasa, da ƙaiƙayinsa da komai.

"Ashe Kirsimeti biyu ta Masar tana da amfani," in ji ta. "Mu ara tasu."

Muka ji shi duka. Haihuwa, biki, ɗawainiya, tsufa. Ba wanda ya tashi ya juya faifai, ba wanda ya yi sanɗa. Da ƙahonin suka shigo a inda ta san su ta buga tafin ƙafa, ni kuma na ci kahk uku ban sani ba, garin sukari duk ya ɓata mini hijabi. Rabona da in ji hankalina ya kwanta haka har na manta. Gogen ƙarshe suka ragu suka ɗauke, ana saura minti kaɗan a kira azahar.

Na ɗauki wayar na ce bari in goge mata wancan na farkon, kada ya riƙa ruɗa ta. Sai ta riƙe mini hannu.

"Bar shi."

"Mama, shi ne fa wanda na ɓata."

"Na sani. Na ji shi." Ta saki hannuna ta gyara bargonta. "Ranar da allurar nan ta ƙi ni, haushi ya sa na sa yaron nan ya kunna mini naki, na ce bari in ji iyakar ɓarnar Malama. Na zauna na ji har ya zo kan tsufa. Ya ƙare, na miƙa hannu zan kashe, don ni a sanina nan duniya ta tsaya. Sai ƙahonin nan suka ɓarke a kaina. 'Yata, sai da na firgita."

Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

"Kin san komawar nan tsoro take ba ni? Ƙawayena duk sun tafi, gidan ba kowa, ga hannu. Ban gaya wa yaron nan ba, kada ya fasa aikinsa. Ni na san a gefe na uku zan koma gida. To idan wanda ya tsara abin ya ce akwai na huɗu, kuma biki ne, ni da nake zuwa coci duk Lahadi ba ni ce zan yi masa gardama ba. Ranar Kirsimeti nawa zan ji, wannan ba mai canja mini shi. Naki ki ƙara masa girma shi ma, ki ajiye shi kusa, na ranakun da tsoron ya taso ne."

Na sunkuyar da kai a kan wayar ina yi mata yadda ta ce, da ƙyar nake ganin fuskar wayar. Na tambaye ta wanne zan sa a sama, wanne a ƙasa.

"Duk yadda kika ga dama, Malama," in ji ta, zolayar ta dawo muryarta. "Wannan ɗaya na bar miki ki jera."